Escoffier, kukun da ya shekara talatin yana ci-rani a Landan

Wata ranar Juma'a na dawo daga dutin dare ƙafafuna a kumbure, na tarar da yarana biyu sun baje a tsakar ɗaki suna kallon katun ɗin ɓeran nan mai girki. A nan Alƙahira da Larabcin Masar suke kallonsa, sunan da Misirawa suka raɗa masa ma abin dariya ne, Khaltabita bis-Salsa, wato kwamacala da miyar tumatir. Asalin sunansa Ratatouille, kamfanin Pixar na Amurka ne ya fitar da shi a 2007, Brad Bird ya ba da umarni. Ni dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ɓera a ɗakin girki ba abin da zai ba ni sha'awa ba ne, tsigar jikina ma tashi take yi. Amma gajiya ta hana ni ƙarasawa ɗaki, na zube a kujera ina kallo da rabin ido.

Akwai wurin da ɓeran, Remy, yake leƙen kicin ɗin wani babban gidan abinci na birnin Paris ta tagar rufi, yana lissafo ma'aikata ɗaya bayan ɗaya: ga babban kuku, ga mataimakinsa, ga mai miya, ga yaran da ke koyo, ga kuma mai shara da wanke-wanke a can ƙarshe. Wallahi nan barcin ya wartsake. Na ce ai wannan wod ɗinmu ce. Kowa da wurin tsayuwarsa, kowa ya san wanda ke sama da shi, in an faɗi umarni a amsa da baki don a tabbatar an ji. Kuma kamar wod ɗinmu, akwai wani gajeren shugaba mai tsawa wanda kowa ke ɗari-ɗari da shi.

Wannan ne ya sa na shiga neman wanda ya tsara kicin haka. Sunan da na yi ta cin karo da shi ɗaya ne, Auguste Escoffier. Marigayin kukun da ke cikin fim ɗin, Auguste Gusteau, ƙirƙirarsa aka yi, ba Escoffier ba ne, sunan farko kawai suka haɗa. Amma tsarin kicin ɗin gaba ɗaya gadon Escoffier ne. Da na karanta rayuwarsa, abin da ya riƙe ni ba girkin ba ne. Mutumin ɗan ci-rani ne irinmu, kuma wannan ɓangaren babu katun ɗin da ya taɓa zana shi.

An haifi Georges Auguste Escoffier ranar 28 ga Oktoba 1846 a ƙauyen Villeneuve-Loubet, kusa da birnin Nice a kudancin Faransa. Mahaifinsa maƙeri ne. Yaron zane da sassaƙa yake so, amma ba a tambayi ra'ayinsa ba. A 1859, yana da shekara 13, aka kai shi koyon aiki a gidan abincin ɗan uwan mahaifinsa a Nice. Zama ɗan gida bai sa an raga masa ba. Ga shi gajere, har sai da ya riƙa sa takalmi mai tudu don ya kai tsayin murhu.

Kicin ɗin wancan zamani ba irin mai ƙyalli da tukwanen jan ƙarfe da ake zana mana a katun ba ne. Yawanci a ƙarƙashin ƙasa yake, murhun na gawayin kwal, tagogi a rufe don kada abinci ya huce. Mutum ya wuni a tsaye yana shaƙar hayaƙi, gumi na zuba, ƙishirwa ta dame shi, abin da ke kusa kuma giya ce. Kafin dare ya raba an bugu, sai zagi, sai duka, yaran koyo su ne a ƙasa. Da idon aikina nake karanta wannan, kuma na san abin da yake haifarwa: ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, kumburin jijiyoyin ƙafa, ciwon hanta. Mutane ba sa ganin kuku da daraja a lokacin, bara ne kawai da ba a son ganinsa a falo.

A 1865 ya tafi Paris, ya samu aiki a gidan abincin Le Petit Moulin Rouge. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia a 1870, aka kira shi soja, aka sa shi girka wa hafsoshi a garin Metz. Aka yi wa garin ƙawanya, abinci ya ƙare har aka koma cin naman doki. Da Metz ta miƙa wuya a watan Oktoban shekarar, aka tafi da shi Jamus a matsayin fursunan yaƙi. Abu biyu ya ɗauko daga soja. Na farko tsari, wato kowa da muƙaminsa da aikinsa. Na biyu kuma damuwa da yadda za a adana abinci kada ya lalace, abin da ya kai shi ga harkar abincin gwangwani daga baya. Abin ya tuna mini da uwar sana'armu, Florence Nightingale, wadda ita ma a asibitin sojoji na yaƙin Crimea ta gane cewa rashin tsari yana kashe mutane fiye da harsashi. Ba mamaki wod da kicin suka yi kama.

Bayan yaƙi ya koma Paris, ya zama babban kuku a inda ya taɓa zama yaro. A 1878 ya auri Delphine Daffis, suka haifi 'ya'ya uku, Paul da Daniel da Germaine. A 1884 ya koma Monte Carlo, kuma a wannan tsakanin ne hanyarsa ta haɗu da ta César Ritz, wani ɗan ƙauye daga Suwizalan wanda ya fara daga yaron teburi ya zama manajan otal. To ku ji yadda suke aiki. Da sanyi suna Grand Hotel a Monte Carlo, saboda can masu kuɗin Turai ke gudun hunturu. Da zafi su tattara su koma otal ɗin National a Lucerne. Inda kuɗi ya nufa, can kuku zai bi. In wannan ba ci-rani ba ne, ban san sunansa ba.

Alƙahira ma tana cikin wannan zagaye. Attajiran Turai nan suke zuwa shan hantsi a lokacin sanyinsu, su sauka a Shepheard's ko Mena House kusa da dala, ko fadar Gezira da Khedive Isma'il ya gina don baƙin bikin buɗe mashigin Suez a 1869, wadda yanzu ta zama otal ɗin Marriott a Zamalek. Jerin abincin manyan otal-otal ɗin da Faransanci ake rubuta shi, manyan kukun daga Turai suke zuwa, masu kai abinci teburi kuma galibi Nubawa ne da suka baro garuruwansu na kudu neman kuɗi. Shepheard's na asali ya ƙone a gobarar Alƙahira ta 26 ga Janairu 1952. Wanda ya san tsakiyar gari kuma ya san Groppi a dandalin Talaat Harb, wanda wani mai haɗa kek ɗan Suwizalan, Giacomo Groppi, ya kafa sunansa. Har yau in ka shiga kicin ɗin babban otal a garin nan, shef za ka ji ana kira, kuma rabon aikin na Escoffier ne.

A 1890 Richard D'Oyly Carte, mai sabon otal ɗin Savoy a Landan, ya ɗauko Ritz, shi kuma Ritz ya zo da Escoffier. A nan ne tsarin ya kankama. Kafin shi, in aka nemi wani abinci, kuku ɗaya ne zai yi shi daga farko har ƙarshe. Escoffier ya raba aikin sashe-sashe: mai miya da romo, mai gashi, mai kifi, mai ganye da ƙwai, mai kula da ɗakin sanyi, mai kek da kayan zaƙi. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na wani abincin ƙwai da ƙodar rago da ke ɗaukar mutum ɗaya minti 15. A sabon tsari, wannan na soya ƙwai, wancan na gasa ƙoda, na uku na haɗa miya, duk a lokaci guda, cikin 'yan mintuna faranti ya fita da zafinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin tiyata ya san daɗin wannan, kowa hannunsa na kan abu ɗaya kuma ba mai taka ƙafar wani.

Amma inda katun ya fi yi masa rashin adalci shi ne batun tsawa. Kukun Faransa a fina-finan yara kusan kullum mahaukaci ne. A The Little Mermaid na 1989, kuku Louis da gashin baki da wuƙa yake bin ƙaguwa yana farfasa kicin. A Beauty and the Beast na 1991, murhun da kansa ne kuku, yana huci yana tartsatsin wuta don an bar masa abinci. A Ratatouille ga Skinner. Alhali mutumin da ya tsara kicin ɗin, yaƙi da tsawa ya yi. Ya hana shan giya a bakin aiki, ya je wurin likita aka haɗa masa ruwan sha'ir, aka riƙa ajiye shi a babbar tukunya don masu ƙishirwa. Ya hana zagi da dukan yaran koyo. Mai karanto odar baƙi a da da sunan mai haushi ake kiransa, kamar kare, ya canja masa suna zuwa mai sanarwa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce in ransa ya ɓaci, sai ya kama kunnensa yana murzawa, ya fita ya zaga, sai ya huce ya dawo ya yi magana. Ya kuma matsa wa ma'aikatansa su cire kayan aiki su sa tufafin mutunci kafin su fita titi, don a daina raina kuku.

Na daɗe a kan wannan wurin. A wani asibiti da na taɓa aiki, akwai likitan da in ya shigo wod hannun kowa sai ya ɗauki rawa. Wata rana ya daka mini tsawa a gaban majinyaci da danginsa, da Larabcin da a lokacin ban gama kamawa ba, na rikice har na kusa karanta adadin magani ba daidai ba. Allah ya tsare, abokiyar aikina ta lura. Tun ranar na san cewa tsawa ba ta gyara aiki, kuskure take jawowa. Masu katun na gane dalilinsu, mai tsawa ya fi ba yara dariya fiye da dattijo mai murza kunne. Sai dai yaran suna tashi da tunanin cewa haka gwani yake.

Ta fuskar girkin kuwa, ya rage tarkacen ado da ake cika wa faranti, ya bi salon kawo abinci kashi-kashi maimakon a jibge komai a teburi lokaci guda. Ya iya tallar kayansa ƙwarai. A 1893 ya haɗa wa mawaƙiyar Ostireliya Nellie Melba kayan zaƙi na askirim da ɗan itacen da Misirawa ke kira khokh, ya sa masa sunanta, kuma har yau ana sayar da shi da wannan suna. Ya san Turawan Ingila na ƙyamar kwaɗo, sai ya dafa cinyoyinsa ya ba su wani suna mai daɗin ji na 'yan matan tatsuniya, manyan gari suka cinye suna santi. Littafinsa Le Guide Culinaire ya fito a 1903 da girke-girke kusan 5,000, kuma har gobe ana koyar da shi a makarantun girki.

A fim ɗin, babban laifin Skinner shi ne yana buga hoton marigayi Gusteau a kan abincin kwali yana sayarwa. Na yi dariya da na gano cewa Escoffier na gaske da hannunsa ya yi irin wannan kasuwanci. Ya sayar da miya a kwalba da sunansa, ya shiga harkar tumatirin gwangwani, kuma masu rubuta tarihinsa sun ce ya yi aiki da kamfanin Maggi a kan ɗunƙulen ɗanɗano. Wato ɗan abin nan da ya kusa korar daddawa daga tukunyar iyayenmu, akwai hannun sarkin kukun Faransa a tarihinsa. Shi bai ga abin kunya a ciki ba.

Abin kunyar a wani wurin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. A 1897 masu Savoy suka lura baƙi na ƙaruwa amma ribar kicin na raguwa. Aka sa masu binciken kuɗi a asirce. A watan Maris 1898 aka kori Ritz da Escoffier da wani mataimakinsu, Louis Echenard. An gano Escoffier yana karɓar la'ada daga masu kawo wa otal ɗin kayan abinci, har kashi 5 cikin 100, su kuma suna fanshewa a kan otal. A 1900 ya sa hannu a takardar amsa laifi, aka ɗora masa biyan fam 8,000, aka daidaita a kan fam 500 saboda abin da ya iya kawowa ke nan. Otal ɗin ya rufe maganar don kare sunansa da na manyan baƙinsa, ba ta fito fili sosai ba sai a shekarun 1980. Wasu na cewa ai kowane babban kuku haka yake yi a lokacin. Ni wannan uzurin bai gamsar da ni ba, don na sha jin irinsa a kan kayan asibiti da ke bin ƙofar baya. An ba shi amana, ya ci.

Korar ba ta karya shi ba. A watan Yunin 1898 suka buɗe otal ɗin Ritz a Paris, a 1899 suka koma Landan suka buɗe Carlton, baƙin Savoy da yawa suka bi su. A Carlton ya zauna har ya yi ritaya a 1920.

Kuma mutumin nan da ya karɓi la'ada, shi ne wanda kowace safiya yake tanadar wa wasu sistocin coci masu kula da tsofaffi marasa galihu ragowar abinci mai kyau. Attajirai ƙirjin salwa kawai suke ci, shi kuma ya sa a tara sauran a ba sistocin su yi wa tsofaffinsu romo. A 1910 ya wallafa ɗan littafi yana ba da shawarar a kafa asusun taimakon juna don kada ma'aikaci ya tsufa cikin bara. Ya nema wa ɗaruruwan kukun Faransa aiki a ƙasashe daban-daban. A kowane gari da muke zaune akwai irin wannan dattijo, wanda in sabon zuwa ya sauka ake cewa a kai shi wurinsa. Abin da bai yi ba shi ne buɗe wa mata ƙofa. Kakarsa ce ta fara nuna masa girki, Savoy kuma ta yi suna wajen sa matan manya su fito cin abinci a bainar jama'a, amma kicin ɗinsa na maza ne. A wannan fim ɗin bai yi ƙarya ba, Colette ita kaɗai ce mace a cikinsu, kuma sai da ta zama mai zafi kafin a bar ta ta tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kusan duk shekarun nan talatin, daga 1890 zuwa 1920, Escoffier na Landan, Delphine da yara suna Monte Carlo. Sai hutu yake zuwa ya gan su. Ya ciyar da sarakuna da 'ya'yan sarakuna, amma 'ya'yansa ba a gabansa suka girma ba. Turancin ma bai taɓa iya shi sosai ba, rayuwarsa daga kicin sai ɗakin kwana sai cikin 'yan ƙasarsu. A 1914 aka kashe ɗansa Daniel a yaƙin duniya na ɗaya, yana can yana aiki a Carlton.

Na san masu karanta shafin nan da yawa haka suke. Akwai 'yan uwanmu mata da ke girki da goge-goge a gidajen mutane a garin nan da Jidda, yaransu na hannun kaka a Kano ko Katsina. Kwanaki wani matashi ɗan ƙasar Nijar ya zo a wanke masa ƙunar mai a hannu, wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci. Da ya ji na yi masa Hausa sai idonsa ya kawo ruwa. Damuwarsa ba ciwon ba ce, kwana nawa zai yi bai je aiki ba, don ƙarshen wata ana jiran saƙonsa a gida. A fim, yaron wanke-wanke Linguini ya wayi gari shi ne magajin gidan abincin. Wannan na gabana ko takardar zama bai gama samu ba. Ni kaina rabona da mahaifiyata a Zariya shekara huɗu ke nan, a waya take ganin jikokinta, su kuma Hausarsu duk ta cakuɗe da Larabcin Hayyul Ashir.

Faransa ta karrama shi da lambar Légion d'honneur a 1919, aka ɗaga darajar lambar a 1928. Ya koma Monte Carlo yana da shekara 73, bai tara dukiyar da ta kai sunansa ba. Can ya ci gaba da rubutu, littafinsa na girkin gida, Ma Cuisine, ya fito a 1934. Shekara 15 suka samu a gida ɗaya shi da Delphine, duk sun tsufa. Ta rasu a farkon 1935, shi kuma ya bi ta bayan kwanaki kaɗan, ranar 12 ga Fabrairu, yana da shekara 88. An binne shi a Villeneuve-Loubet. Gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihin girki tun 1966, wani tsohon yaronsa, Joseph Donon, wanda shi ma ya yi rayuwarsa yana girki a Amurka, shi ya tsaya aka kafa shi.

Yarana sun sake kunna fim ɗin jiya. Ƙaramar ta ce in ta girma ita ce za ta zama shef, kuma tuwon shinkafa da miyar taushe za ta sayar a Paris. Na ce to Allah ya sa, amma ta fara da wanke kofin da ta sha shayi da shi.